Kunu a gora abu ne mai rai, a sanyaya shi kafin a rufe

Duk mai sayen kunun zaƙi ko kunun aya a tashoshin mota na Lafia ya san gorar da lokacinta ya wuce tun bai kai ta baki ba. Da safe takan lotsa idan aka matsa ta da yatsa. Kafin la'asar ta yi tauri, gindinta ya turo har ba ta iya zama daidai a kan tire, da an murɗa murfin sai ta yi huci, kumfa ya biyo wuyanta, ɗanɗanon kuma ya koma wani tsami mai cizon harshe. Mai saye ya ce kunun jiya aka sayar masa, mai talla ta rantse da asuba aka ɗura shi, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Abin da ya faru shi ne an rufe abu mai rai da ɗuminsa, an zuba masa sukari, an fito da shi cikin zafin da a watannin Maris da Afrilu yake haura digiri 35. Ra'ayina shi ne babban gyaran da wannan sana'a take buƙata yana wuri guda: a sanyaya abin sha sosai kafin a ɗura shi a gora, sannan kada sanyin ya yanke har ya isa hannun mai sha. Tun da macen da ke dama kunu a Tudun Gwandara ko Sabon Pegi ba ta da ikon samar wa kanta wannan sanyi, ya zama wajibi a ɗauke shi a matsayin kayan amfanin jama'a, kamar rijiyar burtsatse da rumfar kasuwa.

Mutanen da suka fi kowa nazarin abin da ke faruwa a cikin rufaffiyar kwalba su ne masu haɗa giya, musamman waɗanda suke yin ta a gida a Turai da Amurka. Idan yis ya gama cinye sukarin da ke cikin ruwan tsiron sha'ir, sai su ɗauki mazubin gaba ɗaya su sa shi a firji, su sauko da shi zuwa tsakanin digiri 0 da 4, ya yi kwana ɗaya zuwa uku. A wannan sanyi yis yakan daina aiki, ya dunƙule, ya kwanta a gindin mazubi tare da sauran gari, ruwan ya yi garau. Daga nan su tsiyaye na sama zuwa kwalabe, su auna sukari kaɗan, kimanin gram 6 zuwa 8 a kowace lita, su toshe, su ajiye a ɗaki mai ɗumin digiri 20 ko kusa da haka na wajen mako biyu. Ɗan yis ɗin da bai kwanta ba, wanda ido ba ya gani, shi ne yake farkawa ya cinye wannan sukari, ya cika kwalbar da iska. Abin lura a nan shi ne sun dogara kacokan a kan cewa sanyi ba ya kashe yis. Barci yake sa shi, da zarar ɗumi ya dawo sai ya tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shi ya sa suke auna sukarin da ma'auni, domin wanda ya zarce, ko ya rufe kwalba yis bai gama aikinsa ba, kwalbar gilashi takan tarwatse masa a ɗaki.

Lissafin ba shi da wuya. Idan yis ya ci sukari, kusan rabin nauyinsa yana komawa barasa, ɗaya rabin ya koma iskar nan da ke sa lemon kwalba kumfa. Ƙwayar sukari guda, mai nauyin gram 5 ko kusa, tana iya ba da iskar da ta haura lita 1, alhali gorar da ake ɗura kunu a ciki yawanci rabin lita ce ko ta ɗara kaɗan. Gram 17 na sukari a lita guda kuma, idan yis ya cinye shi duka, yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Lemon kwalba na kamfani yana ɗauke da wajen gram 100 na sukari a lita, kuma duk mai sayar da kunu ko zoɓo ta san da zaƙin lemon kwalba masu saye suke gwada nata. Wato abin da masu giya suke yi da gangan, da ma'auni, bayan sun rage yawan yis da sanyi, shi muke yi a makance, da sukarin da ya ninka nasu sau da yawa, a zafin da ya fi nasu dacewa da hayayyafar ƙwayoyin halitta.

Wanda ya san yadda ake kunun zaƙi ya san ba a gama shi a kan wuta. Ana jiƙa gero ko dawa, a kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro, a raba ƙullun biyu. Kaso mafi yawa a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bar shi ya sha iska, sannan a juye masa ɗanyen kason da aka haɗa da dankalin Hausa ko tsiron hatsi, a rufe ya kwana. Wannan ɗanyen kaso shi ne sirrin kunun: shi yake tsinka kaurin, ya juya gasara ta koma zaƙi, kuma shi yake shigo da ƙwayoyin da ke kawo ɗan tsamin da ake so, 'yan uwan waɗanda ke mayar da madara kindirmo, tare da yis na cikin iska da na jikin hatsi. Da asuba a tace, a zuba sukari, a ɗura. Ba a sake tafasa shi. Kunun aya ya ma fi haka rauni, domin aya da dabino da kwakwa ɗanyu ake markaɗa su, wuta ba ta taɓa su ko sau ɗaya, shi ya sa yake juyawa cikin 'yan sa'o'i. Zoɓo ne kaɗai ake tafasawa, shi ma bayan ya huce ake zuba masa abarba ko kokwamba da sukari, a juya da ludayin da ya shiga wasu wurare. Bayan ɗuri sai a jibge gorunan a firizar da wataƙila rabonta da wuta tun tsakar dare, ko a jera su a kula a ɗora ƙanƙarar leda biyu a sama. Na gefe su yi sanyi a jiki, na tsakiya su zauna da ɗuminsu. Mai saye ya taɓa ya ji raɓa a bayan gora ya ɗauka an gama magana, alhali aikin da ke cikin gorar bai tsaya ba ko na minti guda.

Na san akwai mai karatun da tun sakin layi na biyu ransa ya ɓaci, yana cewa mene ne haɗin jaridar da Musulmi ke karantawa da dabarun masu giya. Ba na kira ga kowa ya sha abin da addininsa ya haramta, kuma ba na cewa kunun da ya yi tsami ya zama giya. A kunun wuni guda barasar da ke samuwa 'yar kaɗan ce ƙwarai, tsami ne yake riga ta ɓata shi, hukuncin kuma na malamai ne. Amma sanin lokacin da jiƙo mai zaƙi yake juyawa tsohon ilimi ne a Musulunci. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsimin zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a bayar a shanye ko a zubar. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo hani a kan haɗa nau'i biyu na kayan zaƙi a tsima su tare, da hani a kan yin tsimi a cikin duma ko mazubin da aka shafe da kwalta. Dalilin da malamai suka bayar shi ne waɗannan abubuwa suna gaggauta juyawar tsimin, mutum ya sha bai san ya canja ba. Malaman da suka damu da irin mazubin da ake zuba jiƙon dabino ba za su ga laifin mai tambayar abin da rufaffiyar roba take yi wa kunun aya da dabino a cikin rana ba. Sannan injin sanyin da firjin gidajenmu ya samo asali daga gare shi, a kamfanonin giya na birnin Munik a Jamus Carl von Linde ya fara kafa irinsa a shekarun 1870, kuma ba wanda ya ƙi ajiye allurar rigakafi a firji saboda wannan tarihi. A nan jihar Nasarawa ma, matan da ke dafa burkutu a ƙauyuka da wasu unguwanni sun san wannan ilimi a aikace: a buɗaɗɗiyar tukunya ko durom suke sayar da ita tana kumfa, a ƙwarya ake sha, domin sun san abin da zai faru idan aka toshe mata baki.

Wani kuma zai ce kakanninmu sun sha kunu ɗaruruwan shekaru babu firji. Haka ne, amma kunun da suka sha a ƙwarya ko tukunyar ƙasa yake, bakinsa a buɗe, iska na fita, an dama shi don gida ko don masu aikin gayya, kafin rana ta faɗi ya ƙare, zaƙinsa kuma na tsiro da dankali ne. Gorar roba da sukarin buhu da talla daga safe zuwa dare su suka sauya lamarin.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan ra'ayina ita ce ta masu cewa sanyi ba shi ne matsalar ba, ruwa ne da goruna. Suna da gaskiya babba. Gorunan da ake ɗura kunu mafi yawansu tsintattu ne daga wuraren biki da tasha da bola, kuma ruwan da ake tace kunu da shi ba kullum ake tafasa shi ba. A watan Yunin 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiyar jihar sun ce da yawa daga waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya da ba shi da rajista. Sanyi ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot, kamar yadda ba ya kashe yis. Saboda haka wanke gora da sabulu da ruwan zafi, da tace kunu da tafasasshen ruwa, ba su da madadi. Sai dai ba wanda zai iya yin kunu a gida ya fito babu ƙwayar cuta ko ɗaya, komai tsaftarsa. Abin da ke raba gorar da jiki zai iya jurewa da wadda za ta kwantar da yaro a asibiti sau da yawa yawan ƙwayoyin ne, yawan kuma zafi da lokaci suke kawo shi. Wasu ƙwayoyin cuta, idan sun sami abinci da ɗumi irin na jikin mutum, suna ninka kansu cikin minti 20 zuwa 30. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki. Kunun talla a Lafia yana wuni ne a tsakiyar wannan tazara da aka ce a guje mata. Tsafta tana rage abin da ya shiga gora, sanyi yana hana shi yawaita, wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya bai tsira ba.

To me zai hana a sake tafasa kunun, ko a zuba masa maganin hana lalacewa? Zoɓo ana iya ɗura shi da zafinsa a kwalbar gilashi, kuma ya kamata masu hali su koma haka. Kunun zaƙi kuwa idan aka mayar da shi wuta, ɗanyar gasarar da ke ciki takan nuna, ya yi kauri ya koma kamar koko, kasuwarsa ta mutu. Gorar roba ma ba ta jure ruwan zafi, motsewa take yi. Hodar sinadari ita ce hanyar da ta fi ba ni tsoro. A watan Maris na 2021 mutane sun mutu a Kano, ɗaruruwa sun kwanta asibiti, wasu ƙodarsu ta taɓu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da hodar ɗanɗano da wadda aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Macen da ba ta da ma'aunin gram, tana sayen farar hoda a ƙulle a leda ba tare da rubutu ba, bai kamata a tura ta ga sinadari ba. Sanyi shi ne maganin da ba ya cutar da kowa ko da ya yi yawa.

Tsarin da ya dace a bi sananne ne, kuma ba ya buƙatar digiri na jami'a. A tace kunu, a zuba shi a faffaɗan mazubi mai murfi wanda ba shi da zurfi, domin zafi ya fi saurin fita daga faffaɗan abu, a sauko da shi zuwa digiri 5 ko ƙasa, sai a zuba sukari a ƙarshe, a ɗura a gorunan da aka wanke suka bushe, a jera su a kula da ƙanƙara a ƙasa da tsakiya da sama. Zoɓo da lemon citta suna da ƙarin riba, domin idan suka kwana a sanyi gari yakan kwanta a tsiyaye na sama garau. Kunu ba ya samun wannan, tun da garinsa shi ne kunun, girgiza shi ma ake yi kafin a sha, don haka duk yis ɗinsa yana tare da shi, kuma dogaronsa ga sanyi ya fi na kowa. Matsalar tana wajen kuɗi. Kafin a sauko da lita 20 daga digiri 35 zuwa 5 ana buƙatar ƙanƙara kusan kilo 8, ban da wadda rana za ta narkar a wajen talla. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a kusa da bazara, lokacin da kasuwar kunu da zoɓo take kai ƙololuwa, kuma lokacin ne ƙanƙara take tsada har ta gagari talaka. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don firiza ya fi ƙarfin ribar bokitin kunu. A watan Fabrairun 2022 aka buɗe babbar tashar rarraba wuta ta Akurba, wadda ta ƙara ƙarfin wutar da ke shigowa Lafia, amma babbar tasha ba ta ba wa kowace unguwa tabbacin wutar dare, kuma a Afrilun 2024 kuɗin wutar masu layin da ake kira Band A ya tashi zuwa naira 225 a kowane yunit. Wanda ya ce wa mai kunu ta sanyaya kayanta bai nuna mata inda za ta sami sanyin ba, nasiha ya yi wadda ba za ta aikatu ba.

Akwai misalan da suka nuna abin zai yiwu, kuma ba daga nesa ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Dabara ce mai kyau ga tumatir da alayyahu a busasshiyar iskar arewa mai nisa, sai dai ba ta kai abu digiri 5, kuma a damunar Lafia mai laima ƙarfinta yakan ragu ƙwarai. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne irin ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana da kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu ya fara kafawa a kasuwannin Najeriya tun 2015, inda mai kaya yake biyan kuɗin kwando guda a kwana guda, ba sai ya mallaki firji ba. A jihar nan kuma, a ƙarshen 2021 kamfanin Husk Power ya buɗe ƙananan tashoshin sola guda 6 a ƙananan hukumomin Doma da Lafia, a garuruwa irin su Rukubi da Kiguna da Gidan Buba. Idan sola za ta riƙe gari guda, ɗakin sanyi da injin ƙanƙara a kasuwa ba zai gagare ta ba. Dokar lantarki ta 2023 ma ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wutarsu da kansu.

Masu cewa wannan ba aikin gwamnati ba ne su duba su wa ke cikin sana'ar. Zawarawa ne da matan aure da ke biyan kuɗin makarantar 'ya'ya da ribar gora hamsin, masu sha kuma 'yan acaɓa ne da direbobi da ɗalibai da leburorin da ba su da kuɗin lemon kwalba. Hana sana'ar zalunci ne, tilasta wa mai bokiti guda rajistar NAFDAC kuma daidai yake da hanawa. Ba kyauta ake nema ba. Gwamnati ta ba da fili da jarin farko, ta damƙa gudanarwa ga ƙungiyar matan da ke sana'ar ko ga ɗan kasuwa bisa yarjejeniya, kowace mace ta biya kuɗin bokitinta. Jami'ar Tarayya ta Lafia, da tsangayar aikin gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da za su iya auna awa nawa kunun zaƙi da na aya da zoɓo suke ɗauka a kowane mataki na sanyi a yanayin garin nan, su fitar da sakamakon da Hausa da sauran harsunan jihar a rediyo. Ma'aikatan duba-gari su riƙa yawo da ma'aunin zafi, su koyar kafin su ci tara.

Ina kira ga gwamnatin jihar Nasarawa da ƙaramar hukumar Lafia su fara da wuri biyu, babbar kasuwar zamani da tasha guda a kan hanyar Makurɗi ko ta Jos: ɗakin sanyi na sola, injin ƙanƙara, famfon ruwa mai tsafta da wurin wanke goruna, a buɗe tun kafin asuba lokacin da mata suke tace kunu. A kafa su kafin azumi mai zuwa, a sa farashin da mai bokiti guda za ta iya biya.